'Yar Tsanar Marka

Duk wanda ya taɓa yin damina a Ƙetare, ƙasar Kanwan Katsina da ke ƙaramar hukumar Ƙanƙara, ya san irin safiyar nan ta watan Agusta da gari kan waye a rufe. Tun kafin assalatu ruwa ya sauko, bai kai a ce kamar da bakin ƙwarya ba, kuma ba shi da niyyar ɗaukewa. Kwano yana ta ƙara, indararo yana ta zuba, mata sun jera daro da bokiti. Marka ke nan. Maigida ya leƙo daga zaure ya dubi gabas, ya mayar da fartanya bayan ƙyaure. Ko da ruwan ya tsagaita da hantsi, wanda ya san noma ba ya shiga gona a irin wannan rana, domin ciyawar da ya nome za ta sake kafa saiwa a inda ya yar da ita, sawunsa kuma ya danne jiƙaƙƙiyar ƙasa ta dunƙule. Dole a jira ta sha iska.

A irin wannan rana na fara ganin gwanintar da nake son in ba da labarinta, wato haɗa 'yar tsanar ƙyalle. Gwaggona, yayar mahaifina, tana da 'yar gonarta a bayan ɗaki: 'yan kunyoyin kuɓewa, ga yakuwa da rama da lalo, ga barkono, ga kabewa da ta bi danga ta hau rufin madafi. Duk safiyar Allah can za ka same ta, tana cire ciyawa, tana ban ƙasa, tana tsinke kuɓewar da ta isa yanka kafin ta yi ƙarfi. Mu kuwa hutun ƙarshen shekara na makaranta kan faɗo daidai tsakiyar marka, sai a kai mu wurinta. Ranar da ruwa ya tsare ta a ɗaki, ba ta iya naɗe hannu. Takan shimfiɗa tabarma kusa da ƙofa inda haske yake, ta dube ni ta ce, "Uwata, jawo mini adudun nan na ƙarƙashin gado." Uwata take kirana, domin sunan mahaifiyarta aka sa mini.

Babu komai cikin adudun sai ƙyallaye. Akwai guntayen atamfa da shadda da leshi da boyel, akwai bakin zane da aka yanke, akwai hannun tsohuwar riga, da ragowar zaren hula kala-kala a ƙulle cikin leda, da 'yan tsakiya da suka tsinke daga jigida. Mafi yawansu daga wurin tela suke fitowa. A makonnin da ke gaban Sallah, teloli suna kwana a kan keke, fisis, wato guntayen yadi, yana taruwa a ƙarƙashin tebur har ya kai idon sawu, a ƙarshe a share a kai bola ko a ƙona. Gwaggo kan aiki yaro da buhu ya roƙo mata. Sauran kuwa na cikin gida ne, kuma ta san asalin kowanne. Ta ɗaga wani ta ce wannan ankon bikin wance ne, wancan daga zanen goyon da aka goya mahaifinku ne, wannan kuwa rigar da kakanku ya je aikin Hajji da ita. Kafin a sa allura, mun riga mun ji tarihin rabin dangi.

Matakin farko na gwanintar, wanda mai kallo ba ya lura da shi, shi ne sanin ƙyalle. Gwaggo ba ta farawa da mai kyau. Tana farawa da mai riƙo. Takan murza shi tsakanin yatsu, ta ja shi ta tsawo, ta ja shi ta faɗi, sannan ta ja shi a karkace. Yadin auduga tsantsa yana yagewa a miƙe idan an ɗan tsaga bakinsa, yana riƙe ƙulli, allura tana ratsa shi ba gardama. Mai roba kuwa santsi gare shi, ƙullinsa yana kwancewa, bakinsa yana zarewa. Idan ta yi shakka sai ta zare zare biyu ta kai bakin wuta: na auduga ya ci ya zama toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, na roba ya narke ya dunƙule ya yi tauri. Takan yi kewar atamfar da ake bugawa a masaƙun Kaduna, tun daga wadda aka buɗe a 1957 har zuwa UNTL da ta rufe a 2007, lokacin da audugar da ake nomawa a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Malumfashi da Bakori take tafiya injinan gurza, ta komo wa masu ita a matsayin zane. Yau yawancin abin da ake sarowa daga kasuwar Kantin Kwari na waje ne, kuma roba ta yi yawa a ciki. Saboda haka tsofaffin ƙyallayenta na auduga take ware wa jikin 'yar tsana, inda ake buƙatar ƙarfi, masu ƙyalƙyalin nan na zamani kuma ta bar su don kwalliya.

Da kai ake farawa. Ta ɗauki auduga ta mulmula ta kamar girman lemun tsami, ta ɗora a tsakiyar ƙyalle mai kusurwa huɗu wanda bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, baƙi ko mai ƙasa-ƙasa, ta tattaro gefunan ƙasa, ta shaƙe da zare. Da jin haka sai a ce ai kowa zai iya. To, gwada ka gani. Ƙyallen da aka tattara a kan dunƙule dole ya yi tamoji, kuma idan tamojin ya faɗo a gaba, fuska ta lalace tun ba a fara ba. Dabararta ita ce ta ɗora dunƙulen yadda karkatar yadin, wato inda yake miƙewa idan an ja, za ta faɗo a kan fuska, sannan ta riƙa jan tamojin da babban yatsa tana kai shi ƙeya, inda gashi ko kallabi zai rufe shi. Sai fuska ta fito sumul kamar ƙwai. Lokacin da na fara koyo, ta riƙe mini dunƙulen ta ce, "Ja zaren da ƙarfi, uwata, kada ki ji tausayinta. In wuya ya yi sako-sako, ɗiyarki gyangyaɗi za ta yi ta yi har ta tsufa."

Wuya shi ne inda mafi yawan 'yan tsana suke mutuwa, domin nan yaro yake kamawa, nan kuma majanyi yake matsewa idan an goya. Wasu suna soka sillen kara daga kai zuwa ƙirji. Da damina babu busasshen kara sai wanda aka zaro daga tsohuwar danga, kuma shi kara da zarar ya sha ruwa sau biyu ya ruɓe ya karye a ciki. Gwaggo ta fi son ta naɗe ƙyalle siriri ta matse shi har ya yi tauri kamar tsinken tsire, ta ɗaure shi da zare daga sama har ƙasa, ta sa shi ya zama ƙashin baya. Wannan ana iya wanke shi, ana iya lanƙwasa shi ya komo. Hannaye ma naɗi ɗaya ne dogo da ake gicciyewa a ƙirji, a ɗaure da zare a sarƙe ta kan kafaɗu da ƙarƙashin hammata, sannan a shaƙe kowane ƙarshe a bar ɗan tsini ya zama tafin hannu. Idan aka ɗinka hannu ɗaya-ɗaya a gefe, ranar da yara biyu suka yi jayayya a kan 'yar tsana kowa zai tafi da guda.

Abin cusawa kuwa, a wannan yanki ba a neman sa da nisa. Sai dai audugar gona tana da sharaɗi: a cire angurya tas, ko ɗaya kada a bari, domin ɓera yana jin ƙanshinta ya huda ciki ya shiga, man da ke cikinta kuma yana fitowa ya yi tabo. Bayan an cire sai a shiɓe ta ta yi laushi. Gwaggo tana daga cikin matan da suka tashi da mazari a hannu, saboda haka gurza da shiɓa ba baƙin aiki ba ne a wurinta. Audugar rimi, irin wadda ake cusa wa matashin kai, ta fi sauƙi kuma ba ta saurin shan ruwa, amma tana tashi tana shiga hanci, don haka ba ta bari mu taɓa ta. Idan duk babu, sai a yayyanka ƙananan ƙyallayen da ba su isa komai ba su zama cushe. Ƙa'idar ɗaya ce: kaɗan-kaɗan ake turawa da bayan tsinke, ana dannawa, ana juyawa. Mai gaggawa da ya tura dunƙule guda zai samu jiki mai ƙulu-ƙulu kamar buhun dankali.

Ba kowace 'yar tsana take yi wa ƙafafu ba. Wadda za a goya ba ta buƙatar su, zani ne zai rufe. Wadda ake so ta tsaya kuwa, sai ta ƙulla 'yan tsakuwoyi ko wankakken yashi a ɗan ƙyalle ta sa a gindi, ta zaunar da shi cikin murfin kwalba mai faɗi ta lulluɓe. Ba ta yarda a sa hatsi, saboda ɓera da ƙwari. Abin da ba ta taɓa mantawa shi ne ta ƙara 'yar auduga a ƙugu. Ba don ado kaɗai ba: zani ba ya zama a jikin da ya miƙe kamar sanda, sai ya samu inda zai rataya.

Wajen fuska ne hannunta yake yin sanyi. Sau da yawa ba ta yin ta sam, ta bar ta fili, kuma ban taɓa ganin yarinyar da ta yi ƙorafin haka ba. Yarinya ita ke sa wa 'yarta dariya ko kuka gwargwadon wasan ranar. Idan kuma za ta yi, ɗinki biyu ne na baƙin zare a matsayin idanu, da ɗan jan zare guntu a matsayin baki, shi ke nan. Amma inda take sa ɗinkin nan biyu, nan ne gwanintar take. Idan ta sauko da su ƙasa da tsakiyar kai ta ɗan raba su, sai ka ga jaririya. Idan ta ɗaga su sama kaɗan ta matso da su, sai ka ga babbar mace. Haka ma girman kai: na jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jikinsa, na babba kuwa ɗaya cikin bakwai ko takwas. Masu koyon zane a makaranta da ma'auni suke koyon wannan. Ita kuwa a goyo ta koye shi, daga kallon 'ya'ya da jikoki. Maɓalli kuwa ba ta sa shi a matsayin ido idan 'yar tsanar ta mai rarrafe ce, domin komai ya samu baki yake kaiwa.

Na san akwai iyayen da zuciyarsu ba ta kwanta da 'yar tsana ba saboda hanin da ya zo a kan yin siffofi, kuma wannan tsoro ne mai kyau da ya kamata a amsa shi da ilimi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a garuruwanmu da azumi, yana cikin malaman da suka tabbatar cewa an keɓe 'yan tsanar yara mata daga wancan hani, domin su saba da reno da hidimar gida tun suna ƙanana, kuma Ibnu Hajar ya kawo wannan a sharhinsa na Bukhari. Akwai malaman da suka tsananta, musamman a kan mai cikakkiyar siffa, shi ya sa barin fuska fili ko taƙaita ta da Gwaggo take yi ya zama hanya mai kwanciyar hankali ga kowa. An kuma ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa matan Madina suna yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, idan yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har rana ta faɗi.

Ruwayar da ta fi taɓa ni ita ce ta Abu Dawuda. Manzon Allah ya dawo daga tafiyar yaƙi, Tabuka ko Haibara, iska ta ɗaga labule, sai ya ga 'yan tsanar Nana A'isha, a tsakiyarsu ga doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta yadda aka yi doki ya samu fukafukai, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, shi kuwa ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Ƙyalle ne fa, irin wanda ke cikin adudun Gwaggo. Ranar da wani ɗan'uwanmu mai karatun littattafai ya ba ta wannan labari, ba ta ce komai ba, amma a marka ta gaba sai ga doki na baƙar shadda, da geza ta jan zare, da fukafukai na farin leshi.

Gashi aiki ne na haƙuri. Takan warware tsohuwar baƙar safa ko rigar sanyi, zaren ya fito a murɗe kamar gashin gaske, ko ta yi amfani da zaren ulu ko baƙin zaren da ake kitso da shi. Ta jera shi a kan kai ta ɗinke tsakiya, ɗinkin ya zama tsaga. Daga nan sai ta miƙa wa yarinya ta ce ta kitse da kanta. Yawancin matan da na sani da suka iya kitso, a kan 'yar tsana suka fara kalaba da shuku, inda babu mai kuka idan an ja da ƙarfi, kuma ana iya tsefewa sau goma a wuni.

Amma idan ana maganar inda Gwaggo ta yi wa sauran mata zarra, to sutura ce. Matsalar tufatar da 'yar tsana ita ce, an buga atamfa ne don jikin mutum. Fure ɗaya na atamfa ya fi 'yar tsanar gaba ɗaya faɗi, idan aka yanka ba tunani sai ta fito kamar an naɗe ta da tabo. Gwaggo kan ɗauki ƙyalle ta yi ta juya shi a haske, tana neman wani ɗan lungu inda zanen ya yi ƙanana, ɗigo-ɗigo ko layi-layi, nan za ta fitar da zani. Wani lokaci kuma ta yi akasin haka da gangan: ta nemo zagaye ɗaya ta daidaita shi a tsakiyar ƙirjin riga, ya zama kamar an yi surfani. Bakin zane, wato gefen da masaƙa ta riga ta kulle, shi ne dukiyarta, domin ba ya zarewa. Ta mai da shi gindin zani, ta huta da kalmasa. Inda dole sai an kalmashe, ɗinkinta ƙanana ne a jere kamar ƙwayar ridi. Riga buba ce mafi sauƙi: a ninka ƙyalle biyu, a yanke wuya a kan ninkin, a ɗinke gefuna a bar hannu. Mayafi daga guntun boyel, jigida daga tsinkakkun tsakiya, awarwaro daga zoben da kan rage a wuyan robar lemo.

Sannan kallabi. Ina ganin da a ce za a ɗauki hoton hannunta sau ɗaya tak, to a ɗauka lokacin da take ɗaura wa 'yar tsana kallabi. Ƙyallen bai fi taƙi ɗaya ba, kan kuma bai fi lemun tsami ba, amma da tsinin allura take tura ninki, ta ɗaga nan ta kwantar da can, har ɗaurin ya fito da hali. Akwai ɗaurin amarya mai kunya da ya sauko har goshi, akwai na uwargida da ya zauna daram, akwai na budurwa mai ji da kanta da aka tura gaba ya karkace. Ba ta canza komai a jikin 'yar tsanar ba, ɗauri kawai, amma duk wanda ya kalla zai faɗi wace ce.

Daga nan ne ban dariya da ban sha'awar aikin suke fitowa, domin ba jarirai kaɗai take yi ba. Mutanen gari take yi. Ga 'yar Fulani mai tallan fura da nono, da ɗan gammo da murfin kwalba a ka a matsayin ƙwarya, an rufe da faifan da aka naɗa da zare. Ga tsohuwa mai sanda, an lanƙwasa ƙashin bayanta ta duƙa. Ga manomi da malafar kaba da fartanyar tsinke a kafaɗa. Ga ɗan dambe da aka naɗe masa hannu ɗaya ya yi dunƙule, da layu a damtse; wannan yara maza take yi wa, su da ke cewa ba sa wasan mata amma ba sa barin bakin tabarmar. Ga Gizo da Ƙoƙi, shi da dogayen ƙafafu sirara da ƙaton ciki da 'yar hula da ta yi masa kaɗan, ita da ɗaurin ƙirji. Idan dare ya yi ruwa bai ɗauke ba, ga gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, sai ta kunna fitila ta ɗauko su biyun ta yi mana tatsuniya, inuwarsu tana rawa a bango.

Kowane lokaci na shekara da irin 'yar tsanarsa. Idan masara ta yi goyo, yara mata kan karyo ɗan ƙaramin goyon da bai yi ƙwaya ba su kitse gashinsa su goya, har manoma su yi ta faɗa. Da kaka ga kara a ko'ina, a yi ta kara, maza kuma su yi mota. Bayan Layya akwai ta ƙashi, masu zama kusa da rafi kuma su gina ta yumɓu. Duk waɗannan na ɗan lokaci ne: ta masara ta bushe, ta kara ta karye, ta yumɓu ta fashe. Ta ƙyalle ce mai daɗewa, a wanke ta a shanya, yaya ta bar wa ƙanwa. Ita ce kuma ake yi wa biki. Wanda bai ga auren 'yar tsana ba, bai ga yadda yara suke kallon manya ba. A haɗa lefe cikin kwalin ashana, a yi jere da gwangwanin tumatir, a tuƙa tuwon ƙasa, a samu uwar amarya da ƙawaye da masu guɗa, har da dangin ango masu ƙorafin gara. Bayan kwana biyu a ce ta haihu, a yi suna. Yarinyar da ta ɗinka wa amaryarta kaya kala uku don lefe, ta riga ta iya zura zare, ta iya awo da ido, ta iya tattalin yadi, ba tare da an ce mata zauna ki koyi ɗinki ba.

Wannan fasaha ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma tsohuwa ce ƙwarai. A babban gidan adana kayan tarihi na Biritaniya da ke Landan akwai 'yar tsana da aka tono a Masar, ta zamanin mulkin Rumawa, tsakanin ƙarni na 1 da na 5 Miladiyya, an yi ta da yadin lilin an cusa mata tsummoki da guntayen tsiron da suke yin takardar rubutu da shi. A Birazil kuma akwai baƙaƙen 'yan tsana da ake kira Abayomi, suna ne na Yarbanci, waɗanda wata mai sana'ar hannu, Lena Martins, ta faro a birnin Riyo a shekarun 1980. Ba allura, ba gam, ƙulli ne kawai da naɗi, kuma su ma ba a yi musu ido ko baki. Da na ga hotonsu sai na tuna cewa haka Gwaggo take fara koya wa 'yan shekara huɗu da biyar: ƙulli tukuna, sai hannu ya nuna sannan a ba da allura.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka raina abin. A bakinmu, idan aka kira mutum 'yar tsana ana nufin wanda ake juyawa yadda aka ga dama; marubuci Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, da wannan kalma ya sa wa littafinsa suna. Ita kanta sana'ar kuwa ana ce mata wasan yara. Kasuwanni sun cika da ta roba mai farar fata da gashin doki, wadda hannunta ke cirewa cikin mako guda, ba ta kama da yarinyar da ke goyon ta, ba a kuma iya gyara ta. Kuɗi ake bayarwa a saye ta, a wannan lokaci da kuɗin taki ma ya gagari mutane. Ga kuma halin da yankin ya shiga. A shekarun nan akwai ranaku da yawa a ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ba ruwa ne ya hana zuwa gona ba, tsoro ne, tun ma kafin sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ya sa duniya ta ji sunan wurin. Iyalai sun bar gidajensu da abin da hannu ya iya ɗauka. Na ga yarinyar da aka taso da ita daga ƙauyensu cikin dare, kwana da kwanaki ba ta magana da kowa, sai da wata tsohuwa ta yagi gefen zanenta ta ƙulla mata 'yar tsana. Da ita ta fara magana kafin ta yi da mutane.

Gwaggo ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba, ba ta kuma ɗauki kanta mai wata fasaha ba. Da zarar rana ta ɓullo ƙasa ta sha iska, takan soke allurar a bakin kallabinta, ta mayar da ƙyallaye cikin adudu, ta ɗauki kwando ta nufi kuɓewarta, ko da an bar wata 'yar tsana ba hannu ɗaya. Sai wani ruwan. Yanzu idonta ya yi rauni, jikoki ke zura mata zare, amma yatsun suna nan da saninsu, kuma irinta ba su da yawa da suka rage a Ƙetare da kewaye.

Saboda haka ina roƙon telolinmu, maza da mata, ku daina ƙona fisis. Ku tara a buhu ku ba yaran unguwa. Malaman firamare da na Islamiyya, ranar da ruwa ya hana fita filin wasa, ku gayyato tsohuwa ɗaya daga cikin gari ta zauna da 'yan aji. Ke kuma uwa, idan marka ta bana ta tsare ku a ɗaki, karɓi wayar nan daga hannun 'yarki, ki ba ta ƙyalle da zare, ki aika a kira kakarta tun tana da rai.